Garejin ƙaramar hukuma ya hana mu barci: katanga za mu ƙara ko kotu za mu je?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune da iyalina a Legas, a gidan haya mai bene, mu ne a sama. Bayan ɗakinmu akwai filin da ƙaramar hukuma ke ajiye motocin aikinta, tifofi da katafila da motar kwasar shara, a nan kuma ake gyaransu. Tun kafin kiran assalatu suke tayar da motoci su bar su suna ruri, ga hon, ga kukan nan da mota ke yi in za ta yi baya. Da rana walda da bugun ƙarfe, da dare janareta. Mahaifiyata tana fama da hawan jini, maiɗakina kuma tana goyo. Mun yi wa maigadi magana ya ce shi ba ruwansa. Wasu maƙwabta sun ce mu haɗa kuɗi mu ƙara wa katanga tsawo, wasu sun ce mu kai ƙara kotu. Wanne ne zai yi mana aiki?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya raya abin da aka samu. Tambayarka in na fahimce ta biyu ce a haɗe: me yake rage hayaniya a zahiri, kuma wa yake da ikon sa a yi shi. Maƙwabtanka sun kawo shawara biyu, kuma dukkansu, a ganina, ba ta nan ake farawa ba. Katanga tana cin kuɗi, ku da kuke sama kuwa da ƙyar za ta amfane ku. Kotu tana cin lokaci, yaron nan zai iya fara tafiya ba a gama sauraron shari'ar ba. Abin da na gani a shekarun da na yi ina girka janareta da injinan iska a masana'antun Ikeja da Ilupeju da Apapa shi ne, yawancin ƙarar da ke tashin mutum daga barci ana kashe ta ne a inda take fitowa, da sauya lokaci, da sauya wurin ajiye mota, da gyaran da bai kai kuɗin tayar tifa ɗaya ba. Ban ga filin naku da idona ba, don haka abin da zan faɗa ka auna shi da abin da kake gani ta tagarka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Lissafin ƙara ba irin lissafin kasuwa ba ne

Ana auna ƙara da desibel, kuma ma'aunin yana da wata ɗabi'a da ya kamata ka sani kafin ka zauna da kowane jami'i. Hira tsakanin mutum biyu kamar desibel 60 ce. Babbar motar dizal da aka bari a kunne, in kana tsaye kusa da ita, tana kai 80 zuwa 85. Injin gugar ƙarfe yana kai wajen 100. Amma in ka kunna tifa biyu masu ƙara iri ɗaya, ba ninki biyu za ka gani a ma'auni ba, desibel 3 kawai zai ƙaru. Sai ka kunna goma kafin ya ƙaru da 10, kuma wannan 10 ɗin ita ce kunnen mutum ke ji kamar an ninka ƙarar. Ma'anar haka ita ce in aka kashe rabin motocin aka bar rabi, za ka ji sauƙi kaɗan ne kawai. Wanda ya fi kowa ƙara shi ne sarki. In akwai tifa ɗaya mai fasasshen salansa, ita kaɗai za ta danne sauran, kuma duk gyaran da aka yi ba a taɓa ta ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Abu na biyu shi ne nisa. A fili, duk sanda ka ninka tazarar da ke tsakaninka da injin, ƙara tana sauka da kusan desibel 6. Motar da ke mita 5 daga tagarka, in aka mayar da ita mita 10, an samu 6. Mita 20, an samu 12. Mita 40, an samu 18. A gari irin Legas, inda gini ke manne da gini yana dawo da amo, ba za a samu lissafin cif-cif ba, amma ko an samu 12 ya fi abin da yawancin katangu ke bayarwa, kuma ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba.

Ta fuskar doka kuna da abin riƙewa. Hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, wadda ofishinta ke Alausa a Ikeja, ta ɗora iyakar unguwar zama a kan desibel 55 da rana, 45 da dare. A matakin tarayya ma akwai ƙa'idojin hayaniya da hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar a 2009. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta daɗe da cewa ɗakin barci bai kamata ya wuce 30 ba, kuma ƙarar da ke zuwa farat ɗaya in ta wuce 45 a cikin ɗaki tana iya katse barci. Gaskiya ita ce unguwanni da yawa a Legas sun wuce waɗannan lambobi ko da babu gareji, tsakanin janaretocin maƙwabta da motocin haya na danfo da okada. Duk da haka maganar Hajiya ba ƙaramar magana ba ce. Bincike ya nuna hayaniyar dare da yankewar barci suna da alaƙa da hawan jini. Ka gaya wa likitanta halin da take kwana a ciki, in ya rubuta hakan a takarda, ka adana.

Abin da ke faruwa a filin da asuba

Direban da ya zo ƙarfe huɗu da rabi ba don mugunta ya zo ba. Yana so ya fita kafin hanya ta cushe, kuma kowa ya san in bakwai ta yi maka a titin Ikorodu ko na Agege da tifa cike da tsakuwa, rabin yininka ya tafi. Don haka in kuka je kuka ce kada a tayar da mota sai takwas, za a yi muku murmushi a sallame ku. Ku nemi abin da ba zai hana su fita da wuri ba.

Ka tsaya ta taga wata asuba ka lura da dalilin da ya sa ake barin mota tana ruri. Manyan motoci birkinsu na iska ne. Sai tankin iska ya cika kafin birkin ya saki motar ta motsa. Lafiyayyar mota 'yan mintoci kaɗan suke isar ta. Amma wadda tiyonta ke zubar da iska, kafin gari ya waye tankin ya zama wayam, sai direba ya hau ya riƙa taka totur yana jiran allura ta tashi, wani lokaci minti ashirin. Wannan vum-vum ɗin da kake ji, yawanci ita ce. Maganinta bakanike ya ɗebi ruwan sabulu ya shafa a mahaɗar tiyo, inda ya ga kumfa na tashi ya canza. Sai kuma tsohuwar al'adar direbobi ta cewa dole injin ya yi rabin awa yana ɗumama. Legas ba Jos ba ce, babu sanyin da zai daskarar da mai. Dizal kawai ake ƙonawa, kuma wannan ita ce maganar da za ta shiga kunnen mai riƙe da kuɗin mai.

Kukan da mota ke yi in za ta yi baya, shi ne ya fi cin rai, domin da gangan aka yi shi ya huda kunne, yana kai desibel 100 ko fiye a kusa. Kada ku ce a yanke wayarsa. Rai yake karewa, yaran mota da leburori suna yawo a bayan waɗannan motoci cikin duhu. Abin da za ku nema shi ne a riƙa juya motocin tun da yamma in sun dawo, a ajiye su goshi yana kallon ƙofa, da asuba sai dai a sa giya a fita. Babu ribas, babu kuka. A wani filin manyan motoci da na taɓa yi wa aiki, na wani kamfani ne mai rarraba kaya, wannan kaɗai ya kwantar da rigimar da aka yi wata da watanni ana yi da maƙwabta. Na je da shirin zana musu katanga, na ƙare da bokitin fenti ina ja wa direbobi layi a ƙasa. In da hali daga baya, akwai wani irin na'urar gargaɗin da ke yin sautin "shh-shh" maimakon "pii-pii". Wanda ke bayan motar yana jin ta sarai, amma ba ta ratsa unguwa kamar waccan.

Sauran ƙananan abubuwa ne, sai dai su ne masu firgita jariri. Hon da asuba kusan kullum kiran maigadi ne ya buɗe ƙofa, to a buɗe ta kafin su taso, ko direba ya kira shi a waya. Murfin bayan tifa da ke faɗowa ƙarfe kan ƙarfe, a yanka tsohuwar taya a liƙa a inda yake bugawa. Lodin tsakuwa ko dutse a cikin tifar da ba komai, wanda ke yi kamar an fasa bam, a yi shi da la'asar ɗin jiya, in kuma dole ne da safe, a fara shimfiɗa yashi a ƙasan bodin. Bututun hayaƙi kuwa ya kalli cikin fili, kada ya kalli gidaje.

Walda da bugun ƙarfe ba za su daina ba, aikin wurin ke nan. Abin da ake nema a nan biyu ne: a tsayar musu da lokaci, misali daga takwas zuwa biyar, sannan a duba inda rumfar take. Yawanci rumfar kwano ce mara bango da aka jingina da katangar maƙwabta don a samu inuwa, kwanon kuma yana tattara ƙarar ya watso ta gefe. In aka ja mata bango ta ɓangare uku, bakinta ya kalli titi, an rage mai yawa.

Janareta

A nan zan ɗan daɗe, don sana'ata ce. Tambayar farko da za ka yi ita ce, me yake kunnawa da dare? Na sha shiga wurare in tarar da ƙaton injin da aka saya don walda da ofis yana kwana yana aiki saboda ƙwan fitila shida da fankar maigadi. Injin dizal ba ya son haka. In yana aiki ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa na dogon lokaci, man ba ya ƙonewa sosai, sai ka ga baƙin mai yana tsatsafowa ta bututun hayaƙi, injin yana lalacewa a hankali. Fitilun sola a kan fala-falai da ɗan batir a ɗakin maigadi sun wadatar, kuma kuɗin dizal ɗin da za a daina ƙonawa shi zai biya su. Ka ga a nan buƙatarku da ta ƙaramar hukuma sun zo ɗaya.

In kuma dole ya kwana a kunne, sai a duba salansarsa, a ɗora shi a kan robobin da ke shanye girgiza, a gina masa ɗaki na bulo. Wahalar ɗakin ita ce iska. Injin yana buƙatar iska mai yawa ta shiga ta fita, kuma duk inda iska ta bi, ƙara ma tana bi. Dole a yi wa hanyar iskar lanƙwasa, a lulluɓe cikinta da audugar dutse, irin wadda ba ta kama wuta. An taɓa kirana wani wuri inda birkila ya rufe injin ruf, ko kafar ɓera bai bari ba. Kwana biyu unguwa ta yi barci, a na uku injin ya yi zafi ya mutu, daga nan aka riƙa barin ƙofar a buɗe da dutse a tokare, aka koma gidan jiya bayan an kashe kuɗi. Kuma don Allah kada kowa ya ruɗe ku da kiret ɗin ƙwai ko soson katifa. Ba sa tare ƙara, nauyi ne ke tare ta, su kuwa in tartsatsi ya taɓa su gobara ce.

To katangar fa?

Katanga tana aiki ne in ta shiga tsakanin idonka da abin da ke yin ƙarar. Gwajin mai sauƙi ne: in kana hango injin ko bakin bututun hayaƙi daga tagarka, katangar ba ta yi maka komai. In ta rufe maka ganinsa da ƙyar, ka samu kamar desibel 5. Mai kyau tana ba da 10, da wuya a wuce 15. Ku kuna bene, wasu tifofin kuma bututunsu a tsaye yake a bayan kan mota, don haka katangar da za ta kare ku sai ta yi tsawon da ba ƙaramin gini ba ne. Na ƙasa za su ji daɗi, ku kuwa kun zuba kuɗi a banza. Sannan rurin nan mai kauri na dizal yana lanƙwasowa ta saman katanga fiye da siririyar ƙara. Dole kuma ta zama ba huda ko kaɗan. Bulon ado mai ramuka, ko tazara a ƙasan ƙofar ƙarfe, suna zubar da amfanin. Kafar da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na bango ba ta isa ta hana shi tare fiye da desibel 20, komai kaurinsa.

Akwai abin da ya fi damuna. Ɗora sahun bulo biyar ko shida a kan tsohuwar katangar da ba a yi wa tushe don haka ba, a ƙasar Legas mai ruwa, ganganci ne. Damina ɗaya za ta iya kwantar da ita a kan yara. Ƙari a kan haka, wataƙila katangar ma ba ta maigidanku ba ce, ta hukuma ce, ku kuma 'yan haya ne. Abin da na fi so shi ne a yi amfani da abin da ke cikin filin. Kowane gareji irin wannan yana da matattun motoci, da tsohuwar kwantena, da tulin yashi. A jera su ta ɓangarenku, masu rai su koma can nesa. Kwantena in aka ajiye ta daf da janareta ta fi doguwar katanga da ke nesa da shi. Itatuwa kuwa, a shuka don inuwa da ƙura, amma layi ɗaya na bishiya ba ya rage ƙarar da kunne zai lura.

A cikin gida abin da za ka iya kaɗan ne, tunda zafin Legas ba ya barin mutum ya rufe taga. In akwai ɗaki ta gaban gida, a mayar da Hajiya can yau ɗin nan. Tagar luba, mai gilasai jere-jere, ko an rufe ta ba ta tare komai, mai murfi da roba a gefe da gilashi mai kauri ita ce ke yi, in maigida zai yarda a cire daga kuɗin haya. Labule mai nauyi yana rage amsa-kuwwa ne kawai. Ƙarar fanka, da yake ba ta yankewa, tana ɓoye ƙananan bugu. Abin toshe kunne zai yi maka, amma ban da mai goyo.

Wa za a samu, kuma da me

Maigadi ya yi gaskiya, ba ruwansa, ku daina barin jaki kuna dukan taiki. Ku ma riƙe shi da kyau, shi ya san wace mota ce ke fara tashi da wanda ke ba da umarni. Ta bakinsa za ka tabbatar da mai filin, domin Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kuma sau da yawa motocin da ke kwana a fili na ɗan kwangila ne ko na masu kwasar shara, ba na sakatariya ba.

Kafin ku je ko'ina, ka yi mako biyu kana rubutawa a littafi: rana, lokaci, wace ƙara, minti nawa. Ka ɗauki bidiyo daga cikin ɗaki yadda agogo zai fito. Manhajar auna ƙara ta waya za ta nuna maka bambancin kafin a tayar da mota da bayan an tayar, amma lambarta ba hujja ba ce a hukumance, kada ka yi musu a kanta. In littafin ya cika za ka ga abin ya taru a kan ƙara uku ko huɗu. Su za ku rubuta a takarda shafi ɗaya, kowace da maganinta a gefe. Jami'in da aka ce wa "kun dame mu" ba shi da abin yi sai kare kansa. Wanda aka ce wa "a juya motoci da yamma, a gyara salansar tifa mai lamba kaza" yana iya ba da umarni kafin ya tashi daga kujera.

Wanda kuke nema shi ne injiniyan da ke shugabantar sashen ayyuka. Ku bi ta ƙungiyar ci-gaban unguwa, wato CDA, da kansilan mazaɓarku, don su ciyaman yake saurare. In kuna da Sarkin Hausawa a yankin, a sanar da shi, haka Baale, mai unguwar Yarbawa. Amma kada ku bari abin ya zama koken Hausawa. Bayaraben da ke ƙasa da Ibon da ke gefe su ma ba sa barci, a sa hannunsu a takardar, kuma wanda ya iya Yarbanci ya kasance cikin masu zuwa. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimi a ɗaya ku dawo da shi. Ku ba sashen duba-gari nasu kwafi. In an ce muku garejin ya riga gidajenku zuwa, kada ku ja, mai yiwuwa gaskiya ne, ku ce ba tashinsa kuka zo nema ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

In wata guda ya wuce shiru, sai LASEPA, da kwafin takardar nan mai hatimi da littafinka. Suna zuwa su auna, kuma suna rufe wurare. A 2016 sun rufe coci-coci da masallatai da otal-otal masu yawa a kan hayaniya. Na faɗi wannan ne don ku shirya: ma'auni ba ya zaɓe, in lasifikar masallacinku ko janaretan mai shagon ƙasa sun wuce iyaka, su ma za a ji su. Ku gyara naku tukuna. Akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya, wadda aikinta ke nan, koke a kan ma'aikatun gwamnati, da cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'ar jihar Legas, duka kyauta. Kotu tana nan a ƙarshe. Ni ba lauya ba ne, abin da zan ce kawai shi ne kai hukuma ƙara kotu yana da ƙa'idojin sanarwa da wa'adi, don haka in har kuna tunaninta, ku ga lauya da wuri.

In Allah ya sa aka amince, kada ku tafi da alkawarin baki. Ana canza direbobi, ana yi wa injiniya canjin wurin aiki, bayan wata biyu sai ka ji hon ya dawo. A rubuta ƙa'idojin a allo a bakin ƙofa, a ja layin ajiye motoci da fenti, ku kuma zaɓi mutum ɗaya mai sanyin baki da zai riƙe lambar shugaban direbobi. Ka zana mini filin a takarda, ka nuna inda tagarku take, da janareta, da rumfar walda, da ƙofa, ka ƙiyasta tazarar da taku, ka turo in duba inda ya kamata kwantenar ta zauna.